Wasiyyar Ustaz: Yadda Muka Raba Gadon Kakana a Madani

Takardar shekarun Kaka ta ce an haife shi ranar 1 ga Janairu 1923. Duk wanda ya zauna a Sudan ya san ma'anar wannan rana: mutum ba shi da takardar haihuwa, likita ya dube shi ya ƙiyasta masa shekaru, aka rubuta ɗaya ga watan ɗaya. Tasnin ake ce wa takardar. Shi kansa yakan ce rabin tsofaffin Maiwurno, garinsu, tagwayensa ne. Mahaifiyarsa dai ta gaya masa yana goye aka gama madatsar Sennar, an kuwa gama ta a 1925, ashe likitan bai yi nisa ba. Ya rasu da asuba a farkon Fabrairun 2020, a gidansa na Wad Madani, yana da shekara 97 bisa lissafin takarda.

Ina Gadarif lokacin, inda nake aikin akawu wajen wasu 'yan kasuwar riɗi da dawa. Kafin in iso har an yi masa sutura, an ɗora shi a angarib, gadon katako mai saƙar igiya, ana jiran mota. Ya sha faɗa cewa a Maiwurno yake so a rufe shi, kusa da mahaifinsa, don haka muka bi hanyar Sennar, muka ƙara gaba kaɗan kudu da garin, aka yi masa salla bayan azahar. Zaman makoki kuma a Madani aka yi. Aka kafa siwan, wato rumfar tanti, a ƙofar gida, maƙwabta suka riƙa shigo da faranti-faranti na kisra, siraran fankasun dawa, da ful, dafaffen wake, shayi ba ya sauka daga wuta, kowa ya zo ya ɗaga hannu a yi fatiha sannan ya nemi wuri. Ni aka damƙa wa kashf, wato littafin da ake rubuta gudummawar masu gaisuwa, tunda an san sana'ata.

A wannan littafin na fara ganin abin da ban sani ba. Lauyoyi sun zo da kwat ɗinsu, sun ba da nasu, babu mamaki. Amma daga rana ta biyu sai ga mutane daga kanabi, ƙauyukan leburorin gonakin Jazira, wasu a bayan lori, suna miƙo fam ashirin, fam hamsin, kuɗin a duƙunƙune. Wani tsoho ya ƙi faɗa mini sunansa. Ya ce, "Yaro, rubuta jinsiyya kawai, Ustaz zai gane." Na rubuta kamar yadda ya ce. Kafin a naɗe tabarma a rana ta uku na ji wannan kalma daga bakin mutane fiye da goma.

Bayan an watse, Baffana babba ya tara mu a ɗakin Kaka, aka fito da akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Tun muna yara muke zama a kansa, ba mu taɓa ganin cikinsa ba. Akwai takardar sallama daga soja da ta yi ja don tsufa, da lamba ta tagulla mai siffar tauraro, da shaidar digiri, da lasisin aikin lauya, da littattafan rubutu goma sha ɗaya ɗaure da zare. A sama kuma ambulan, an rubuta "wasiyya" da jan biro. Shafi uku ce, da rubutun hannunsa, da sa hannun shaidu biyu, da kwanan wata na 2009.

Baffa ya karanta a fili. Abu na farko, ya naɗa ni wasiyyi. Ɗakin ya yi tsit. Ga 'ya'yansa maza biyu a zaune, ga Gwaggonnina huɗu, ga Hajiya matarsa a cikin takaba, sai ya tsallake su duka ya ɗauko jika. Dalilin da ya rubuta layi ɗaya ne: "domin ya iya lissafi kuma ba ya jin kunyar tambaya." Ko yabo ne ko tsokanar da ya saba yi mini, Allah masani. Abokin wasana ne, har ya mutu "malam akawu" yake kirana.

Abu na biyu ya shafe ni kai tsaye. Mahaifina ya riga Kaka rasuwa, tun 2004. A hukuncin gado, jikan da ubansa ya riga kakansa tafiya ba ya cin komai muddin akwai 'ya'ya maza a raye, baffanninsa sun katange shi. Sai Kaka ya yi abin da ake kira tanzil, ya ɗora ni da ƙanena da ƙanwata a matsayin mahaifinmu, a ba mu abin da zai samu da yana raye. Dokar ahwal shakhsiyya, wato dokar iyali ta Musulmi ta 1991, ta san da wannan, amma a matsayin wasiyya take ɗaukarsa, don haka daga cikin sulusi yake fita. Abu na uku, cikin shaguna biyu da yake da su a kasuwar Madani, ɗaya ya zama waƙafi bayan ransa: kowace shekara a sayi buhun dawa 12 daga kuɗin hayarsa a kai tsangayar da ya yi karatu a Maiwurno, abin da ya ragu a biya wa marasa hali kuɗin takardun kotu. Ya ja layi biyu ƙarƙashin kalmar "buhu".

Da farko na ɗauka tsufa ne ya sa shi lissafi da buhu. Wani tsohon lauya da ya koyi aiki a ofishinsa ne ya warware mini. Ya ce, "Ɗana, kakanka ya karɓi albashi da fam, ya ga an mayar da shi dinari a 1992, ya ga an sake dawo da fam a 2007, kowane dinari ɗari ya koma fam ɗaya. Wanda ya ga haka zai rubuta wa almajirai adadin kuɗi?" Wannan lauyan shi ya raka ni duk zirga-zirgar da ta biyo baya, bai karɓi ko kuɗin raksha, keken haya mai ƙafa uku, ba.

Matakin farko takardar shaidar mutuwa, wannan ba ta ba da wahala ba. Na biyu shi ne i'ilam shar'i, takardar da kotun iyali ke bayarwa tana lissafa wanda ya rasu da magadansa ɗaya bayan ɗaya. In babu ita banki ba zai kula ka ba, ofishin rajistar filaye ma haka. Ana buƙatar shaidu biyu da suka san mamacin da iyalinsa, waɗanda za su rantse cewa babu wani magaji ban da waɗanda aka ambata. Mutumin da ya kai 97 kuwa ya binne sa'o'insa. Muka samu limamin unguwa, muka kuma ɗauko wani dattijo daga Maiwurno wanda mahaifinsa abokin Kaka ne. Alƙali ya tambaye shi, "Ka san marigayin?" Ya ce, "Maulana, na san shi, na san ubansa, na san garin da ubansa ya baro." Da lauyanmu bai taɓa masa gwiwa ba, da tun daga Burmi zai faro.

A mota muna komawa na bar shi ya ƙarasa, don labarin nawa ne. Mahaifin Kaka yana saurayi ya bi ayarin Sarkin Musulmi Attahiru da ya yi hijira gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato. Aka kashe Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka ci gaba, shekaru suna tafe, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu, garin ya ɗauki sunansa. Niyyar da yawansu Makka ce. Wasu sun isa, wasu noma da 'ya'ya suka riƙe su, uban Kaka yana cikin waɗanda suka ɗauki duwatsu a aikin madatsa.

Sai annobar korona ta shigo a Maris, harkoki suka tsaya, ni ma na koma Gadarif da littattafan nan goma sha ɗaya a jaka. Watannin zaman gida a kansu na ƙare. Na yi zaton labarin rayuwarsa zan tarar, sai na tarar da jerin sunaye. Kowane shafi suna, gari, shekara, abin da aka yi, sai wani gurbi a gefe na kuɗin aiki. A shafuka da yawa gurbin nan an ja masa layi kawai. A wasu an rubuta "kaza biyu", "ƙwaryar gyaɗa", wani wuri ma "ya yi mini addu'a, ya biya." Mafi yawan masu layin nan shari'arsu iri ɗaya ce, jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa.

Wanda ba a nan ya tashi ba zai yi mamakin yadda takarda ɗaya ta cinye rabin rayuwar lauya. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957, shekara guda bayan samun 'yancin kai, ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen Burmi sun makara da shekaru kaɗan. Waɗanda kakanninsu suka iso tun zamanin Mahadi ko kafinsa kuma, ina shaidar? Wa ya rubuta sunan mahajjacin da ya shigo da ƙafa ta Darfur? Ba jinsiyya, ba fasfo, aikin gwamnati da wuya, mallakar gona a hukumance da wuya, sai dai a kira ka Fallata ko Takari, sunayen da ake kiran 'yan asalin Afirka ta Yamma, a wuce. Daga baya ne aka riƙa matso da ranar, har ta kai 1 ga Janairu 1956. Kaka ya yi shekaru yana neman dattawan da za su yi shaida, yana tono tsofaffin rasitan haraji, yana rubuta wa mutanen da ba su iya karatu ba takardun koke. Shi kansa sai da aka tambaye shi kakansa na 1897, alhali takardar sallamarsa daga soja tana aljihunsa.

Maganar soja bai cika yin ta ba. Abin da na haɗa daga takardar da ɗan abin da Hajiya ta riƙe shi ne ya shiga rundunar tsaron Sudan a 1940, shekarar da sojojin Italiya suka kama Kassala. Ya ƙara wa kansa shekaru don a ɗauke shi. Direba aka mai da shi, aka tura shi cikin ayarin manyan motocin da ke ɗaukar mai da abinci daga Wadi Halfa zuwa Kufra a kudancin Libiya, kwana da kwanaki cikin yashi, ana tono tayoyi da hannu. Hajiya ta ce har ya tsufa ba ya iya ganin an zubar da ragowar ruwa a kofi. Ni ma na tuna, ya taɓa zare mini ido a kan haka ina ɗan shekara bakwai, shi da ba ya faɗa. A barikin ne ya koyi karatun boko da ɗan Turanci a kan Larabci da Hausa da Fulatancin da ya taso da su. Da aka sallame shi ya samu aikin tafinta a kotun Madani, ya yi shekaru yana tsaye tsakanin alƙali da manomin da bai san me ake cewa a kansa ba. Da Jami'ar Alƙahira ta buɗe reshe a Khartum a 1955, wanda ma'aikata ke zuwa da yamma, sai ya nemi canjin wurin aiki, ya yi jarrabawar sakandare da gemunsa, ya shiga karatun shari'a. Ya haura arba'in kafin ya sa rigar lauya.

Da al'amura suka ɗan sassauta muka koma kan ƙididdigar dukiya. Kowane gida da fili sai an ciro masa shahadat bahs daga ofishin rajista, takardar da ke nuna sunan mai shi da ko akwai jingina a kansa. Gidan Madani, shaguna biyu, wata 'yar gona a bakin kogi a Maiwurno, sai kuɗi a banki da ba su taka kara sun karya ba. Mutumin da ya yi aikin lauya kusan shekara arba'in, abin da ya bari ke nan. Bashi shi ake fara biya kafin wasiyya da gado, muka yi cigiya a masallatai biyu, babu wanda ya fito sai mai kantin magani, shi ma ya ce ya yafe, muka ce a'a, muka biya. Kuɗin bankin kuwa muna ji muna gani suka narke. Hauhawar farashi ta riga ta cinye su, a Fabrairun 2021 kuma gwamnati ta karya darajar fam, dala ɗaya ta tashi daga 55 zuwa 375 a farashin hukuma. Ranar na tuna da layi biyun da ke ƙarƙashin "buhu".

Da masu ƙiyasi suka gama sa wa kadarorin kuɗi, na zauna da biro, na maimaita lissafin sau uku, bai canza ba. Rabon mahaifinmu ya kusa kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya rage bayan tumunin Hajiya. Shagon waƙafi kuma ya kai kashi ɗaya cikin biyar na dukiyar duka, don kasuwa ta yi daraja tun 2009. In an haɗa su sun haura sulusi da ɗan abu. Abin da ya haura sulusi kuwa ba ya zartuwa sai magada sun yarda, wanda ya yarda a cire daga rabonsa, wanda ya ƙi a ba shi nasa cikakke. Na tambayi lauyanmu yadda mutum kamar Kaka zai yi wannan kuskure. Ya yi dariya ya ce, "Ustaz bai taɓa rufe shari'a bai bar ƙofar sulhu ba. Wataƙila so yake ku zauna."

Muka zauna, bayan Hajiya ta daɗe da fita takaba. Ita ta fara magana, ta ce ta yarda. Gwaggonni uku suka bi ta nan take, ta huɗun sai da ta kira mijinta a waya. Baffa babba ya ce ya yarda. Baffa ƙarami ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce, "Yaya, ku yi haƙuri. Baba ya ciyar da 'ya'yan mutane shekara hamsin, mu muna cin ful ba mai. Ina da 'ya'ya tara, albashina ba ya kai mako biyu. Haƙƙina nake so." Gwaggo babba ta taso masa, ta ce ko kunyar kabari ba ya ji. Ni ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Malamin makaranta ne, na san abin da yake ɗauka, kuma shari'ar da Kaka ya yi wa hidima ita ta ba shi wannan dama. Maganar ful ba mai ma gaskiya ce, mahaifina ya sha ba mu labarinta yana dariya, Baffa dai bai taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

Giɓin da ƙin yardarsa ya bari sai a raba shi tsakanin masu wasiyya gwargwadon rabonsu, wato mu jikoki da waƙafi. Namu mai sauƙi ne, a rage. Na waƙafi kuwa yana nufin Baffa zai zama yana da ɗan yanki a cikin shagon, kuma shagon da aka ce rabi na Allah rabi na gado rigimar jikoki ce ake shukawa. Mafita ɗaya ce, wani ya saye yankin nan da kuɗi. Kowa ya juyo ya kalle ni. Ba zan yi ƙarya ba, raina bai so ba, ina da ginin da na fara a Gadarif ya tsaya a linta. Kwana biyu ina kewaye-kewaye, sai ƙanwata ta kira ni ta ce, "Yaya, da bai rubuta sunanmu ba, nawa za mu samu?" Muka biya Baffa daga rabonmu mu uku, kashi-kashi cikin wata shida. Aka koma gaban alƙali, kowa ya faɗi matsayinsa da bakinsa, aka rubuta, aka yi wa shagon rajista a matsayin waƙafi, ni ne mai kula. Daga rasuwa zuwa ranar da na karɓi takardar ƙarshe, wata goma sha tara.

Dawar farko da kaina na saye ta a kasuwar Gadarif lokacin kaka, sa'ar da farashi ke ƙasa, na bi lori har Maiwurno. Malamin tsangayar ya ƙirga buhunan, ya ce, "Sha biyu, kamar kullum." Na ce kamar kullum yaya? Ashe tun kafin a haife ni buhu 12 ke zuwa duk shekara, direba ya sauke ya tafi, ba a faɗin mai aikowa, ko da yake kowa ya sani. A littattafan goma sha ɗaya babu inda ya rubuta wannan.

Na kai ta 2021, na kai ta 2022. A Afrilun 2023 yaƙi ya tashi a Khartum, mutane suka kwararo Madani, a Disamba kuma ya iso Madanin kanta. Gidanmu duka suka gudo wurina a Gadarif, mutum ashirin da uku a ginin da bai gama rufi ba. Hajiya ta fito da kayan jikinta da lambar tagullar nan a ƙulle a bakin mayafi. Baffa ƙarami shi ya ɗauko fayil ɗin takardun waƙafin, a cikin rigarsa, ya miƙo mini bai ce komai ba. Dawar 2023 na riga na saya, tana ɗaki, mu muka cinye ta. Shagon ya yi sama da shekara a rufe, sai bayan Janairun 2025 mai hayar ya koma ya sa sabuwar ƙofa. Hajiya ba ta ga komawar ba, a Gadarif muka rufe ta.

Littafi na goma sha ɗaya yana da sauran shafuka, a ciki nake rubuta lissafin waƙafin. Bana haya ta sayi buhu 12 da ƙyar, na ƙara biyu daga aljihuna. Bashin 2023 da 2024 buhu 24 ne, na rubuta shi da sunana, saura 22.